Lissafin kuɗi, binciken asusu ko sarrafa kuɗi: wanne ɗalibin kasuwanci zai kama?

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata 'yar wana, wadda take kwalejin kasuwanci a nan Jidda, ta same ni bayan sallar Magariba da takardar zaɓen sashe a hannunta. Ta ce, "Baffa, mako biyu aka ba mu mu zaɓa, kuma ƙawayena duk sun ce tamwil za su, wai can ne kuɗi yake. Ni kuwa har yanzu ban ga abin da ya raba shi da muhasaba ba, balle muraja'ar nan da ake ta ambata." Muhasaba dai ita ce lissafin kuɗi, muraja'a binciken asusu, tamwil kuma sarrafa kuɗi. Na daɗe ina jin wannan tambaya daga bakin 'ya'yanmu na Makka da Madina da Jidda, kuma abin da yake damuna shi ne yawancinsu suna yin zaɓin ne bisa daɗin suna, alhali zaɓi ne da zai bi mutum shekara talatin ko fiye. Na shafe shekara goma sha takwas ina aikin akanta, biyar daga ciki a ofishin masu binciken asusu, don haka ina da ra'ayi a kan lamarin kuma ba zan ɓoye shi ba. Amma kafin ra'ayi, ya kamata ɗalibi ya ga ayyukan nan uku suna aiki a kan abu ɗaya, domin ta haka ne bambancinsu yake fitowa fili.

Bari mu ɗauki shagon wani Alhaji, ɗan ƙasa, mai sayar da dabino da darduma da carbi da jallabiyoyi ga alhazai a Makka. Na taɓa riƙe littafin shago irin wannan, kuma lambobin da zan kawo na daidaita su ne domin sauƙin bi.

Aikin akanta, wanda Larabawa suke kira muhasaba, shi ne rubuta abin da ya riga ya faru, a tsara shi, a fitar da ma'anarsa. Ginshiƙinsa magana ce guda wadda duk ɗalibin da bai riƙe ta ba zai sha wahala har ya gama: duk abin da kasuwanci ya mallaka, ko dai na masu bin bashi ne ko na mai kasuwancin. Idan Alhaji ya buɗe shago da riyal 200,000 na kansa, ya kuma ranto riyal 100,000 daga ƙaninsa, to kadarorin shagon riyal 300,000 ne, bashinsa 100,000, jarinsa 200,000. Daga wannan rana duk abin da ya motsa a shagon sai an rubuta shi sau biyu, gefen da ya karɓa da gefen da ya bayar, wato madin da da'in kamar yadda za a koya muku a aji. Ya sayi kaya da tsabar kuɗi, kaya sun ƙaru, kuɗi sun ragu. Ya biya ƙaninsa wani ɓangare, kuɗi sun ragu, bashi ya ragu. Wannan tsari na rubutu mai gefe biyu tsoho ne, 'yan kasuwar Italiya sun daɗe suna amfani da shi kafin Luca Pacioli ya buga bayaninsa a birnin Benis a 1494, kuma har yau manhajar kwamfuta mafi tsada a kansa take tafiya. Mu Musulmi kuwa ba baƙi ba ne ga rubuta ma'amala, tunda ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, a kafa shaidu, kada a ƙosa da rubuta ƙarami ko babba.

Inda akanta yake nuna amfaninsa shi ne ƙarshen shekara. Alhaji ya yi cinikin riyal 500,000, ban da haraji. Ya shiga shekarar da kayan 80,000 a sito, ya saro na 350,000, ya fita da na 110,000, wato kayan da suka fita daga hannunsa sun ci masa 320,000, ribar da ke kan kaya kuwa 180,000. Daga ciki ya biya haya 60,000, albashin yara 48,000, wuta da sauran ƙananan abubuwa 10,000. Akwai kuma wani kashi wanda ba ya fita daga aljihu amma dole a rubuta shi: kantoci da na'urar sanyaya ɗaki da ya saya a kan 60,000 za su yi shekara biyar, don haka kowace shekara ana ɗora mata 12,000 a matsayin rabonta na tsufan kayan aiki, abin da ake kira ihlaki. Idan aka cire duka, ribar shekara ta tsaya a riyal 50,000.

Ranar da na kai wa mai shagon takarda irin wannan, ya duba ta, ya dube ni, ya ce, "Malam, ka ce na ci riba, to ina take? Asusuna ya fi bara ramewa." Kuma gaskiyarsa ce. Daga cikin cinikin 500,000 ɗin, 120,000 bashi ne a hannun wakilan alhazai da suka kwashi kaya da alkawarin biya bayan sun koma gida. Abin da ya shigo hannu 380,000 ne, abin da ya fita 350,000 na sari da 118,000 na hidima, wato tsabar kuɗin shagon ta ragu da riyal 88,000 a shekarar da aka ci ribar 50,000. Wannan shi ne darasin da ya fi kowane muhimmanci a shekarar farko ta karatu, cewa riba daban, tsabar kuɗi daban, domin akanta yana rubuta ciniki ranar da kaya suka fita, ba ya jiran ranar da kuɗi suka shigo. Shi ya sa kamfani yake fitar da takardu fiye da ɗaya: takardar matsayin dukiya a rana guda, wadda aka saba kira mizaniyya, da takardar riba da asara ta tsawon shekara, da takardar shige da ficen tsabar kuɗi. Kowace tana faɗin abin da 'yar'uwarta ta yi shiru a kai, kuma na ga kasuwanci da yawa sun durƙushe a shekarar da takardar ribarsu take da kyau, saboda ranar biyan haya ta zo babu abin biya.

Wani abin da ya kamata ɗalibi ya sani shi ne aikin akanta a Saudiyya ya canza ƙwarai a 'yan shekarun nan. Daga farkon 2017 kamfanonin da suke kasuwar hannun jari suka koma kan ƙa'idojin lissafi na duniya, IFRS, sauran kamfanoni kuma suka biyo baya a 2018. A ranar 1 ga Janairu 2018 aka fara karɓar harajin VAT a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa kashi 15 a ranar 1 ga Yuli 2020, kuma duk wanda cinikinsa na shekara ya haura riyal 375,000 dole ya yi rajista, wanda ke nufin shagon Alhajinmu ma ya shiga. Idan ya saro darduma a kan riyal 60 ya biya harajin 9, ya sayar da ita 100 ya karɓi harajin 15, to riyal 6 ne zai miƙa wa hukuma, kuma 15 ɗin nan da ya karɓa amana ce a hannunsa tun daga lokacin da ta shiga aljihun tebur. Tun 4 ga Disamba 2021 fatura, wato takardar shaidar ciniki, ta koma ta lantarki, sannan daga 2023 aka fara haɗa na'urorin 'yan kasuwa kai tsaye da hukumar zakka da haraji da kwastan, ZATCA, rukuni bayan rukuni. Ga kuma zakkar kamfanoni a kan rabon 'yan ƙasa, da harajin kashi 20 cikin ɗari a kan ribar rabon baƙi. Ma'anar wannan duka ga mai neman aiki ita ce shagon da a da littafi ɗaya da biro suka ishe shi, yau yana bukatar wanda ya san lissafi, ko na dindindin ko na haya. Babu unguwa a Makka ko Jidda da babu wannan bukata.

Sai mu koma ga mai binciken asusu, odita, wanda a nan ake kira muraji'i. Akwai abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba sai sun yi nisa: a galibin jami'o'inmu binciken asusu ba sashe ne mai zaman kansa ba, darussa ne a cikin sashen muhasaba. Wanda yake son zama odita ta ƙofar lissafi zai shiga, don haka zaɓin da ke kan takardar 'yar wana tsakanin biyu ne, na ukun kuwa reshe ne na na farko wanda ake kamawa bayan an gama.

Odita ba ya rubuta littafi, kuma ƙa'idar sana'arsa ta hana shi binciken littafin da ya rubuta da hannunsa. Aikinsa shi ne ya zo daga waje ya gwada ko abin da aka rubuta ya dace da abin da ke ƙasa, domin banki ko abokin tarayya ko hukuma su sami wanda za su dogara da maganarsa. A shagon Alhaji zai fara da lambobi biyun da suka fi nauyi. Zai aika wa wakilan alhazai wasiƙa, kowa ya tabbatar da abin da ake binsa, kuma amsar ta dawo hannunsa kai tsaye ba ta hannun mai shago ba. Sai ya tarar wanda ake bi 40,000 ya yi wata takwas ba a ji ɗuriyarsa ba, wayarsa a kashe. Zai shiga sito da kansa ranar ƙirga, domin gani ya kori ji, ya buɗe kwalayen da ke can ƙurya, ya tarar dabinon 15,000 ya yi ƙwari, ba ya sayuwa ko da rabin kuɗinsa. Idan aka ware wa bashin da ake shakkar dawowarsa tanadi, aka kuma sauke darajar dabinon, ribar 50,000 ta koma asarar 5,000. Ba a kama kowa da sata ba, akanta ma bai yi ƙarya ba, ya rubuta abin da takardu suka nuna masa ne. Aikin odita shi ne ya ƙi tsayawa a kan takarda.

Ba ya duba kowace fatura, domin da zai yi haka a babban kamfani da shekara ta ƙare bai gama wata ɗaya ba. Yana ɗibar samfur, yana auna inda haɗari ya fi yawa, yana kuma tsayar da iyakar kuskuren da girmansa zai iya canza shawarar mai karanta takardun. Yana duban tsarin cikin gida: shin wanda yake karɓar kuɗi shi ne yake rubuta su, shi ne kuma yake kai su banki? Idan haka ne, ƙofa a buɗe take ko da mutumin waliyyi ne. A ƙarshe yana rubuta ra'ayinsa, ko dai mai tsabta, ko mai togaciya a kan wani ɓangare, ko ya ce takardun ba su nuna gaskiyar lamari ba, ko ya ce bai sami hujjar da za ta ishe shi yin magana ba. Shafi biyu ko uku ne, amma a kansu banki yake ba da miliyoyi ko ya hana.

Dole in faɗi wahalar wannan aiki, domin masu tallarsa ba sa faɗa. Tunda yawancin kamfanoni suna rufe littafi a ƙarshen Disamba, daga Janairu zuwa Afrilu odita ba shi da dare ba shi da rana, kuma a shekarun nan da azumi yake faɗowa cikin waɗannan watanni na san abin da ake nufi da buɗa baki a kan tebur da fayil a gaba. Albashin farko ba shi da yawa. Sannan akwai wani nauyi na zuciya: wanda kake bincika shi ne yake biyan ofishinku. Na taɓa zama da wani manajan kuɗi wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya shayar da ni gahawa, ya tambayi iyalina, sannan ya ce cikin murmushi, "Ɗana, wannan lambar a bar ta haka, baɗi za mu gyara." Ga yaron da aka tarbiyyantar a kan kunyar manya, kamar yadda ake tarbiyyar 'ya'yan Hausawa, cewa a'a a wannan wuri yana da nauyin da littafi bai ambata ba. Wanda ya san ba zai iya ba, gara ya sani tun yanzu. Duniya ta ga abin da ke faruwa idan odita ya kau da kai: kamfanin Enron na Amurka ya rushe a 2001, ya ja Arthur Andersen, ɗaya daga manyan ofisoshin bincike biyar na duniya a lokacin, ya faɗi a 2002, shi ya sa yau ake maganar manya huɗu, Deloitte da PwC da EY da KPMG. A nan gida ma, lokacin da kamfanin sadarwa na Mobily ya sake fitar da lissafin ribarsa a Nuwamba 2014 ya rage abin da ya sanar a baya, masu hannun jari da yawa sun ji a jikinsu.

Ladan wahalar kuwa shi ne babu makarantar da ta kai ta. A shekara uku odita yana shiga cikin littattafan asibiti da kamfanin gini da otal da masana'anta, yana ganin yadda kowane yake samu da yadda yake zubarwa, abin da akantan da ya zauna a kamfani ɗaya ba zai gani ba a shekara goma. Shi ya sa da yawa daga manajojin kuɗi na manyan kamfanoni daga ofishin bincike suka fito. Akwai kuma binciken cikin gida, inda odita ma'aikacin kamfanin ne amma rahotonsa yana zuwa ga kwamitin bincike na hukumar gudanarwa, aikin da ya fi sauƙin lokaci kuma yake da takardar ƙwarewarsa, CIA. A ɓangaren gwamnati akwai Diwanul Amm lil Muhasaba, wanda yake binciken asusun ma'aikatu.

Na ukun shi ne tamwil, sarrafa kuɗi. Akanta da odita duk baya suke kallo, shi kuwa wannan gaba yake fuskanta, kuma tambayoyinsa uku ne: a ina za a zuba kuɗi, daga ina za a samo su, kuma yaya za a yi kada su yanke a tsakiyar hanya. A ce Alhaji yana son buɗe reshe wanda zai ci riyal 100,000, yana sa ran zai riƙa kawo 30,000 kowace shekara har shekara huɗu. Shi a lissafinsa 120,000 ta fi 100,000, magana ta ƙare. Mai ilimin tamwil zai ce riyal ɗin yau ya fi na baɗi daraja, tunda na yau ana iya juya shi. Idan kuɗin Alhaji suna kawo masa kashi 10 cikin ɗari a harkar da yake ciki, to 30,000 huɗun nan, idan aka dawo da darajarsu zuwa yau, kimanin 95,100 ne, ƙasa da abin da zai zuba, don haka reshen asara ne ko da ya yi kama da riba. Da a ce kashi 5 ne abin da kuɗinsa suke iya kawowa a wani wuri, darajar za ta kai kimanin 106,400, reshen ya cancanta. Lamba ɗaya ta canza, hukunci ya juya, kuma wannan lambar hasashe ce. A nan daɗin fannin yake, a nan kuma haɗarinsa yake, domin akanta yana da fatura da zai nuna idan aka tuhume shi, mai tamwil kuwa zato ne a hannunsa, sai dai zato mai hujja.

Shi ne kuma zai gaya wa Alhaji cewa ciwon shagonsa yana ga lokaci: yana saro kaya da tsabar kuɗi wata uku kafin Hajji, yana ba da su bashi, kuɗin ba sa dawowa sai bayan Muharram, ga lokacin aikin Hajji yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara alhali haya da albashi suna bin kalandarsu. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun Rajab ya kamata a san inda kuɗin sari za su fito. Idan ta banki ne, ga murabaha, inda banki yake sayen kayan a kan 100,000 ya sayar wa Alhaji a kan 108,000 zuwa shekara, farashi a yanke tun farko. Ga musharaka da mudaraba ga mai son abokin tarayya, ga ijara, wato haya, ga sukuk, takardun zuba jari na tsarin Musulunci, ga manyan kamfanoni. A nan ina jan hankalin ɗalibanmu ga wani tarko na harshe: abin da Bahaushe yake kira riba a kasuwa shi ne ribhu a Larabci, halal ne, riba ta Larabci kuwa ita ce kuɗin ruwa da aka haramta, kuma na ga yaro ya rikita su a gaban malami. Wanda yake da sha'awar fiƙihun ma'amala zai sami fili mai faɗi a wannan ɓangare, tunda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi yana nan Jidda tun 1975, Bankin Al Rajhi yana cikin manyan bankunan Musulunci na duniya, hukumar AAOIFI mai tsara ƙa'idojin wannan harka kuma tana Bahrain tun 1991.

Gaskiya ne cewa manyan albashi suna tamwil, amma ƙawayen 'yar wana sun ji rabin labarin ne. Kujerun da ake magana a kansu, a bankunan zuba jari da asusun zuba jari na gwamnati, PIF, da kamfanonin kula da dukiya, kaɗan ne, galibinsu a Riyad suke, kuma ana neman Turanci mai ƙarfi da lissafi mai zurfi da sakamako na sahun gaba, sau da yawa har da jarrabawar ƙwararrun masu nazarin zuba jari, CFA, mai matakai uku wadda take cin shekaru. Wanda ya kammala tamwil da matsakaicin sakamako yakan ƙare a kan teburin sayar da katin banki ko inshora, ko kuma ya dawo yana neman aikin akanta wanda bai karanta sosai ba. Kasuwar ma tana da hawa da sauka. Manyanmu ba su manta da Fabrairun 2006 ba, lokacin da ma'aunin kasuwar hannun jari ya haura maki 20,000 sannan ya rufe shekarar ƙasa da 8,000, mutane suka rasa gidaje da ajiyar shekaru. Matasa kuma sun fi tuna Disambar 2019, da aka sayar da hannun jarin Aramco a kan riyal 32. Dukansu biyun fuskokin fanni ɗaya ne.

Sai maganar takarda, wadda a gidajenmu ba a iya tsallake ta. A cikin Hausawan ƙasar nan akwai 'yan ƙasa tun kaka da kakanni, akwai kuma masu zama da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙo, ko da an haife su a nan. Ga ɗan ƙasa, lissafi ƙofa ce a buɗe: tun 2021 aka wajabta wa kamfanonin da suke da akantoci biyar zuwa sama su ba 'yan ƙasa kashi 30 cikin ɗari na kujerun, daga baya kuma aka ƙara. Idan ya ci jarrabawar ƙwararru ta hukumar akantocin Saudiyya, SOCPA, wadda aka kafa a 1992, jarrabawar da ta ƙunshi lissafi da bincike da zakka da haraji da dokokin kasuwanci, ya kuma cika shekarun horo, yana iya samun lasisin buɗe ofishinsa ya sa hannu a rahoto da sunansa. Ga mai iƙama kuwa wannan doka ita ce take ƙuntata masa, lasisin sa hannu na 'yan ƙasa ne, kuma a bankuna ma lamarin ya fi tsanani. Irin wannan ɗalibi ya kamata ya yi tunanin abin da zai iya ɗauka ya tsallaka iyaka da shi. A nan ma lissafi ya fi nauyi a sikeli, domin ƙa'idojin IFRS da zai koya a Jidda su ne ake aiki da su a Najeriya tun 2012 da sauran ƙasashen Tekun Fasha, takardar ƙwararrun akantoci ta ACCA ana karɓarta a wurare da dama, wanda ya koma Najeriya kuma yana iya neman ta ƙungiyoyin akantocin can, ICAN ko ANAN. Mai niyyar Nijar ya sani cewa can tsarin OHADA, dokokin kasuwanci na bai-ɗaya na wasu ƙasashen Afirka, ake bi kuma da Faransanci. Ina kuma gargaɗin duk wanda zai fara da riƙe littafin ƙananan shaguna da ya nisanci harkar tasatturi, wato kasuwancin baƙo da sunan ɗan ƙasa, domin dokar 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar da tarar da za ta iya kai riyal miliyan biyar, kuma littafin da akanta ya rubuta shi ne farkon abin da ake ɗauka.

Ra'ayina, wanda na gaya wa 'yar wana a daren nan, shi ne ɗalibin da bai tabbatar da abin da yake so ba ya kama muhasaba. Odita littafin akanta yake bincika, mai tamwil kuma a kan lambobin akanta yake gina hasashensa, kamar yadda muka gani a shagon Alhaji, inda duk lissafin sabon reshe zai zama aikin banza ga wanda bai gane cewa ribar 50,000 ɗin asarar 5,000 ce ba. Daga lissafi ana haurawa zuwa bincike kai tsaye, ana kuma haurawa zuwa tamwil da digiri na biyu ko takardar ƙwarewa, na ga mutane da yawa sun yi. Dawowa daga tamwil zuwa lissafi ya fi wuya, saboda sai an cike darussan da aka tsallake kafin a zauna jarrabawar ƙwararru. Ban ce kowa ya bi wannan ba. Yaron da lissafin makaranta yake masa daɗi, Turancinsa ya nuna, yana bin labarin kasuwa don sha'awa tun kafin a sa shi, kuma iyayensa za su bar shi ya tafi Riyad, zalunci ne a tsare shi a kan daidaita asusun banki kowane ƙarshen wata, ya tafi tamwil, amma ya ɗauki duk darasin lissafin da aka ba shi zaɓi a kai. Wanda kuma ya ga cewa shi mai haƙurin bin riyal ɗaya ne har ya gano inda ya maƙale, zai ji daɗin aikin akanta fiye da yadda ake zato, ko da yake dole ya san cewa shigar da fatura kaɗai kwamfuta ta fara karɓe shi, abin da ake biya yanzu shi ne sanin ƙa'ida da haraji da iya bayyana wa mai kamfani abin da lambobinsa suke nufi.

Ta tambaye ni yadda za ta gane wanne ne halinta. Na buɗe mata shafin Tadawul, kasuwar hannun jari ta Saudiyya, a wayata, inda kowane kamfani da ke kasuwa yake ajiye rahotonsa na shekara kyauta, na ce ta zaɓi kamfanin da take sayen kayansa, ta zauna da rahoton awa biyu, sannan ta lura da inda idonta ya fi daɗewa: a kan bayanan da ke bin takardun suna fayyace yadda aka auna kowace lamba, ko a kan shafukan odita inda ya ambaci abubuwan da suka fi ba shi aiki, ko a kan tambayar ko hannun jarin ya cancanci farashinsa. Bayan kwana huɗu ta kira ni ta ce, "Baffa, na duba na wani kamfanin madara. Akwai wurin da suka rubuta darajar shanunsu, har da ragin tsufa a kansu, na karanta shi sau uku ina son in gane yadda suka yi." Ta cike takardar da muhasaba, ta kuma roƙi in nema mata ofishin bincike da za ta yi horon bazara.